Ina Kake Ajiye Wayarka, a Mota da Bakin Gado?

(Kiɗan buɗe shiri)

  Ina miƙa gaisuwa ga direbobin da ke tashar Jega suna jiran lodi, da 'yan kabu-kabu da masu keke Napep, da manoman albasa da dillalanta a Aliero, da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ke can, da mutanen Maiyama har zuwa Andarai da Mungadi. Iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida, ina gaishe ku da aiki. Kada ku rage muryar rediyo, domin rabin zancen yau naku ne.

Kwanakin baya na shiga motar haya daga Jega zuwa Maiyama, na samu gidan gaba. Direban dattijo ne mai natsuwa, ba ya gudu, ba ya rigima da kowa a hanya. Wayarsa tana kan cinyarsa, don mai kayan da ke bayan mota yana ta kira. Muna cikin tafiya sai ga ɗan akuya ya ratso titi. Ya taka birki, waya ta sulale ta faɗa ƙasa, ta shige tsakanin birki da kuloci. Kafin in ce wani abu ya sunkuya zai ɗauko ta, motar ta fara karkata zuwa hannun masu tahowa, ga kuma babbar mota tafe. Salatin mata daga baya ne ya ɗago shi. Allah Ya tsare, muka wuce lafiya.

Da muka tsaya na ce masa, “Baba, me zai hana ka sayi abin riƙe wayar nan?” Ya ce, “Ɗana, sau biyu ina saye. Na farko rana ta cinye shi, na biyu gargada ta karya shi. Kuɗina sun gaji.”

Maganar dattijon nan ce ta kawo mu shirin yau. Gaskiya ya faɗa. Yawancin mariƙan wayar da ke rataye a shagunanmu an ƙera su ne don ƙasashen da ranarsu ba ta kai tamu ba, titinsu kuma sumul yake. Wanda ya zaɓa da hoton jikin kwali zai sake komawa kasuwa kafin wata ya zagayo. Don haka yau za mu yi awo da abubuwa uku namu na gida: ranarmu, hanyarmu, da wutar lantarkinmu.

Mu fara da rana, don ita ce babba. Duk wayar zamani da ke hannunka, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung ko iPhone, batirinta na sinadarin litiyam ne, kuma babu abin da ke tsufar da irin wannan batir da wuri kamar zafi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyos ba, kuma ko a ajiye kada zafin wurin ya wuce 45. To, mu a nan Kabi, daga watan Maris zuwa Mayu, inuwa ma tana haura 40. Motar da aka rufe gilasanta a rana kuwa, saman dashbod ɗinta yana iya wuce 70. Ka taɓa shiga mota bayan sallar Juma'a ka kasa riƙe sitiyari? To, a irin wurin nan wasu ke manna waya, su jona ta a caji, su kunna taswira, su ƙure hasken fuskarta. Zafi huɗu ke nan a kan abu guda: na rana, na caji, na aikin da take yi, da na hasken. Shi ya sa za ka ga ta rubuto maka cewa ta yi zafi, caji ya tsaya, ko ta ɗauke gaba ɗaya. Bayan wasu watanni sai ka ga murfin bayanta ya ɗago, batir ya kumbura kamar fanke. Duk wanda ya ga haka, ya daina caja ta nan take, kada ya danna ta, kada ya huda ta, ya kai wa mai gyara ya canza batirin.

Da wannan a zuciya, mu duba ire-iren mariƙan da ake sayarwa.

Wanda ya fi yawa shi ne mai mannewa a gilashin gaba. Aikinsa irin na ƙahon wanzami ne: a fitar da iska, roba ta kama. Muddin robar tana da laushi kuma gilashin yana da tsabta, zai riƙe. Amma rana tana busar da roba, ƙurar hunturu tana shiga gefenta, iska ta samu hanya, wata rana kana tsakiyar kwana sai ka ji ya faɗo da wayar gaba ɗaya. Kuma ko bai faɗo ba, ya ajiye maka waya a inda rana ta fi dukan mota. In dai shi za ka saya, nemi mai ɗan maɗanni da ake turawa ya ƙara tsotse iskar, mai gajeren wuya. Dogon wuya abin sha'awa ne a shago, amma a hanya mai gargada kaɗawa yake yi kamar reshe, har ba ka iya karanta abin da ke fuskar wayar, kuma daga gindin wuyan yake karyewa. Ka goge gilashin da ɗanyen tsumma ya bushe kafin ka manna, ka sa shi ƙasa-ƙasa ta kusurwar hagunka, inda ba zai tare maka ganin mai tafiya a ƙasa ko ɗan kabu-kabu ba. Idan ka faka mota, cire waya ka tafi da ita.

Akwai mai maƙalewa a tagar iskar esi. Ga mai motar gida da esinsa ke aiki, wannan ne na fi yaba wa, domin waya tana ƙasa da gilashi, rana ba ta kai mata sosai, sanyi kuma yana busa mata ta baya. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: Golf da Sharon da bas-bas ɗin da ke jigila tsakanin Jega da Sakkwato ko Birnin Kabi, nawa ne esinsu ke aiki? A tsohuwar mota, ƙananan filafilan tagar nan sun riga sun bushe, waya mai nauyin giram 200 tana iya ɓalle su a rami guda. Idan za ka saya, nemi mai ƙugiya da ke ratsawa ta kama filafili ta baya, da ɗan ƙafa da ke tokare ƙasa.

Ga direban haya, shawarata ita ce mai matsewa da sifirin, wanda ke kama waya ta gefe biyu kamar awartaki, yana da ɗan tudu a ƙasa da za ta zauna a kai, kuma ana ɗaure gindinsa da noti ko a cusa shi a ramin faifan CD na tsohuwar rediyon mota. Rediyon nan da yawanku kun daina sa masa faifai, ramin yana nan a banza, kuma yana wuri mai kyau: tsakiyar mota, cikin inuwa, kusa da soket ɗin caji. Abin da aka ɗaure da ƙarfe ya fi abin da aka liƙa da gam daɗewa a ƙasarmu, don gam narkewa yake yi a bazara.

Sai mai maganaɗisu. Wannan yana da daɗin aiki, ka ɗora da hannu ɗaya, ka cire da hannu ɗaya. Ana manna ɗan faifan ƙarfe a bayan waya ko cikin rigarta, maganaɗisun ya ja shi. A kwalta mai kyau ba shi da laifi. A burji kuwa, ko inda titi ya farfashe, mai rauni yana sakin babbar waya. Kuma ga wani abu da ba kowa ya sani ba: maganaɗisu yana rikita kamfas ɗin da ke cikin waya. Matafiyin da ya tsaya sallah a daji ya buɗe manhajar alƙibla wayar tana manne a jikin maganaɗisu, allurar za ta iya nuna masa inda ba nan ba. Ka cire ta, ka yi nesa da mota, sannan ka duba. Haka nan kada a haɗa shi da katin cirar kuɗi, kuma duk wanda likitoci suka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawara a 2021 cewa ya nisanta irin waɗannan na'urori masu maganaɗisu da ƙirjinsa da aƙalla santimita 15.

Wurare biyu ne ba a yarda a kafa komai ba ko da wasa: tsakiyar sitiyari da gaban kujerar fasinja a motar da ke da jakar iska ta kariya. Idan aka yi karo, jakar nan tana fashewa waje cikin ƙiftawar ido, duk abin da ke kanta kuma fuskar mutum zai nufa.

(Kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinku na faɗakarwa, muna magana a kan inda ya kamata waya ta zauna.

'Yan'uwana 'yan kabu-kabu, na ga yadda wasunku ke cusa waya tsakanin kunne da hula, wasu kuma su ɗaure ta a kan babur da robar tayar keke. Mariƙin babur daban yake da na mota. Dole ya zama mai ɗaurewa a ƙarfen hannu da noti, mai kama kusurwa huɗu na waya, ba gefe biyu kawai ba. Kuma ku sani, kyamarar wayoyi masu tsada tana da ƙananan sassa masu motsi da ke hana hoto rawa. A watan Satumba na 2021 Apple ya fito ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur tana iya lalata su, ya ce ko a ƙaramin babur a sa abin da ke shanye girgiza, kuma kada a daɗe ana yin haka. Saboda haka nemi mai roba a tsakanin gindi da kai. In kuwa aikinka duka a cikin gari ne, ka san kowane lungu na Jega ko Aliero, ba ka bukatar taswira, to aljihu mai zif ya fi maka kowane mariƙi. Waɗanda ke sa wa babur soket ɗin caji, ku ce wa mai wayarin ya sa fis, kuma ya bi da wayar wutar ta makulli, yadda in ka kashe babur caji zai mutu. Wanda aka jona kai tsaye a batir yana shanye shi a hankali ko babur na kashe, idan ruwan damina ya shiga kuma yana iya haɗa wuta.

Yanzu ga maganar da na fi so kowane direba ya ji. Mariƙi bai halatta maka latsa waya kana tuƙi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki 4, kuma ta ce magana ba tare da riƙe wayar a hannu ba ma ba ta rage haɗarin sosai, domin hankali ne ke tafiya. Yi lissafin da kanka. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In ka duba saƙo na daƙiƙa 5, ka yi tafiyar mita 125 ido rufe, ya fi tsawon filin ƙwallo. A hanyar Jega zuwa Koko, cikin mita 125 akwai shanu, akwai amalanke, akwai yaro da tallar gyaɗa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama mutum a kan wannan laifi, dokarta ta 2007 ta yanka masa tarar naira 4,000. Tara mai sauƙi ce idan aka gwada da jinyar karaya. Mutanen Aliero sun shahara da ɗori, daga nesa ake kawo musu masu karaya, su ne za su gaya maka wata nawa mutum ke yi a kwance ba ya nema wa iyalinsa.

Na san halin da direban albasa ke ciki a lokacin kaka. Mai kaya yana kira, dillali a Kudu yana kira, gida suna kira. Abin yi shi ne ka saita komai kafin ka tayar da mota: taswira in kana bukata, karatu ko wa'azin da za ka saurara. Kana da yaron mota, ba shi wayar ya amsa. Ba ka da shi, nemi wuri ka sauka daga titi ka tsaya. Amfanin mariƙi shi ne ya raba wayar da hannunka da cinyarka, ya hana ta shiga ƙarƙashin birki.

Cajar mota kuma, ku karanta ɗan rubutun da ke jikinta. Ƙaramar mota batirinta bolt 12 ne, manyan motoci irin su DAF bolt 24 ne, waya kuwa asalin abin da take sha bolt 5 ne. Cajar ce ke sauke wutar. Direban babbar mota da ya sayi wadda aka rubuta 12 kaɗai, zai ƙona ta, wataƙila har da wayar. Nemi mai 12 zuwa 24. Sannan duba ƙarfin da take bayarwa. Mai amfiya 1, wato wat 5, ba za ta iya ciyar da wayar da ke aikin taswira ba, za ka ga tana jone amma caji yana raguwa. Nemi mai amfiya 2 zuwa sama, ko mai wat 18 in wayarka tana karɓar caji mai sauri. Igiya gajeriya mai kauri ta fi doguwa siririya, kuma ba ta naɗe sandar giya. Ka tayar da inji tukuna sannan ka jona waya.

Kwamfutar allo, wadda ake kira tablet, nauyinta ya kai kusan rabin kilo, kuma faɗinta yana tare gani. Ba ta da wuri a gaban direba. In don yara ne a tafiya mai nisa, akwai mariƙin da ake ɗaurawa a ƙarafa biyun nan na matashin kujerar gaba, fuskarta ta kalli baya. A tabbatar ya kama ƙarafan biyu, a matse shi sosai, domin a birkin gaggawa rabin kilo yana iya fasa goshin yaro.

(Kiɗa)

To, mu bar titi mu shiga gida. Uwargida, ga naki.

Hotunan da ke jikin kwalayen nan suna nuna gado da ɗan teburi a gefensa da fitila da soket a bango daidai kai. Ɗakunanmu ba haka suke ba. Akwai mai gado, akwai mai katifa a ƙasa, da bazara kuma da yawa tabarma ake fitarwa tsakar gida. Akwai gidan sauro. Soket ɗaya ne a ɗaki, sau da yawa can bayan ƙofa. Wuta kuma sai tsakar dare ake kawo ta. To me ake yi? A jawo doguwar wayar wuta, a shigo da ita cikin gidan sauro, a jona, a tura wayar ƙarƙashin matashi don kada a sace ko don a ji ƙararrawar asuba. Wannan ɗabi'a ita ce nake roƙon a bari daga yau.

Waya tana fitar da zafi yayin caji, kuma ta jikinta take fitar da shi, ba ta da fanka. Matashi da katifar soso suna tsare zafin nan kamar yadda ake rufe tuwo don kada ya huce. Kamfanonin waya da kansu sun rubuta a littafin gargaɗinsu cewa kada a kwana a kan waya, kada a sa ta ƙarƙashin matashi ko bargo tana caji. Soso da gidan sauro abubuwa ne masu saurin kama wuta, ga mutum yana barci, ga jariri a gefe. Kada wani ya ce wayarsa babba ce ba za ta yi ba. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayoyinsa samfurin Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2 da rabi saboda batirinsu yana kamawa da wuta, kuma sababbi ne fil daga babban kamfani. Ina ga tsohuwar waya da aka canza wa batir sau biyu, aka haɗa ta da cajar da ba a san asalinta ba?

Mazaunin waya na bakin gado bai bukaci tsada ba. Abin da ake nema shi ne wuri mai tauri, wanda iska ke ratsa bayan wayar, a wajen gidan sauro, nesa da hannun yaro mai rarrafe, nesa da buta da randa. Ɗan tsayayyen mazauni na ƙarfe ko roba mai kauri, mai nauyin gindi, mai rami a ƙasa da igiya za ta bi, ya wadatar. Kafintan unguwarku ma zai yi miki shi da guntun katako: gindi mai faɗi, tsagi a tsakiya da waya za ta jingina, huda ɗaya don igiya. Ko ya kafa miki ɗan kanta a bango kusa da soket. Na fi son wannan a kan yawancin na kwali, domin ba ya lalacewa kuma ya dace da kowace waya da ke gidan. Ɗalibai a Aliero da ke karatu da kwamfutar allo har dare, da masu tilawa da ita bayan asuba, ku nemi mai lanƙwasuwa da za a ɗaga shi daidai ido, wuya ya huta.

Abin da nake hana ku saye shi ne mazaunin da bakin caji ke kafe a jikinsa, wanda ake soka waya a kai, wani har da lasifika da agogo. Dalili kuwa tarihi ne ya nuna. Apple ya yi shekaru da faffaɗan baki mai fil 30, a 2012 ya canza zuwa ƙarami da ake kira Lightning, a 2023 ya sake canzawa zuwa USB-C. Kowane canji ya mayar da tarin mazaunai masu tsada kayan gwangwan. Mu ma a nan wayoyinmu sun tashi daga ƙaramin bakin nan na da zuwa Type-C, wato USB-C ɗin nan, wanda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyi tun ƙarshen 2024. Bayan haka, a irin wannan mazauni nauyin waya yana kan bakin cajinta ne, in yaro ya fizge ta, bakin ya tafi. Wanda igiyarsa daban take, in ta lalace ka canza igiya kawai.

Akwai kuma faifan da ake ɗora waya a kai ta yi caji ba igiya. Kafin ka ba da kuɗinka, tabbatar wayarka tana yi, domin yawancin wayoyin da muke riƙewa masu matsakaicin kuɗi ba su da wannan tsari. Ko tana yi, yana ɓarnatar da wani kaso na wutar ya zama zafi, kuma ya fi igiya jinkiri. Mai dogaro da ƙaramar sola ko fawa bank, ko wutar awa biyu, ba shi da rarar da zai zubar. In ka manna faifan ƙarfen mariƙin mota a bayan wayar kuwa, kada ka ɗora ta a kai, ƙarfen zai yi zafi sosai. Haka makulli ko zobe in suka shiga tsakani.

Kan caja shi ne inda arha take kashe mutum. Wutar bango bolt 230 ce. A cikin caja ta gari akwai shinge tsakanin wannan wuta da bolt 5 da ke zuwa hannunka. A jabu shingen nan siriri ne ƙwarai, wani lokaci kusan babu. Alamominta ba su ɓuya: ta yi zafin da ba ka iya riƙewa bayan minti 10, ko tana ƙara siririya, ko fuskar waya ta riƙa latsa kanta yayin caji, ko ka ji tana ɗan jan ka in ka taɓa gefen wayar. Ko ɗaya ka gani, jefar da ita, kada ka ba yaro ya yi wasa da ita. Kada a taɓa waya tana caji da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala. Kada a bar igiya jone tana reto, yaro yana kai bakinta baki. In hadari ya taso da tsawa, a zare. In an ɗauke wuta, a kashe soket, a bari ta dawo ta zauna tukuna, domin dawowarta ta farko wani lokaci da ƙarfi take zuwa. Haka in za a tayar da ƙaramin janareto.

Wani abu ƙarami da ke sa mutane sayen sabuwar caja a banza: ƙura. Bayan hunturu, ramin cajin waya yana cika da ƙura da zaren aljihu, igiya ta ƙi shiga sosai. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace na itace a hankali ka fitar. Ban da allura, ban da reza.

Ranar da za ka saya, ko a kasuwar Jega ne ko a shagon bakin titi a Maiyama, tafi da wayarka cikin rigarta, don da rigar za ta zauna. Ka ce wa mai shago, “Alhaji, a buɗe mini in gwada.” Sa ta a ciki, ka juya ta ƙasa a saman tafin hannunka, ka girgiza. Duba ko hannuwan mariƙin suna danne maɓallin gefe, duba ko ya rufe ramin caji. Murɗa wuyan ka ga ko yana tsayawa inda ka bar shi. Caja kuma a jona ta a gabanka, ka ɗan zauna ku gaisa, sannan ka taɓa ta. Ɗan kasuwa mai amana ba zai hana ka ba, kuma ku yi magana a kan canji tun kafin kuɗi su bar hannunka. Ku kuma 'yan kasuwarmu, don Allah ku riƙa faɗa wa mai saye gaskiya, wannan mai kyau ne, wannan na maneji ne, ya zaɓa da saninsa.

Dattijon direban nan na sake haɗuwa da shi a tasha. Ya samu mariƙi mai shiga ramin faifai, wayarsa tana zaune a inuwa, yaron motarsa ne ke amsa kira.

Lokaci ya cim mana. Uwargida, maigida, ɗalibi, kafin ku kwanta yau ku ɗaga matashi, ku fitar da wayar, ku ɗora ta a kan kujera ko kanta a wajen gidan sauro. Direba, gobe da safe kafin ka murɗa makulli, ka sama mata wurin da ba cinyarka ba. Allah Ya tsare mu a hanya da gida, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)